Amsoshin Tambayoyinku: Ɗana Ya Girma, Amma Yana Tara 'Yan Tsanar Jarumai

TAMBAYA

Ina da yaro mai shekara 27. Ya yi karatunsa a ƙasar waje ya dawo, yana aikin kwamfuta a wani kamfani, kuma game da halinsa ba ni da abin cewa sai godiya ga Allah. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ya cika ɗakinsa da ƙananan mutum-mutumin roba na jaruman finafinan Amurka, irin su Spider-Man da Batman. Wasu yakan sayo su sababbi fil, ya cire musu kai, ya kankare su, ya sake musu fenti. Wasu kuma kuɗi yake aikawa waje a ƙera masa su musamman, ya yi wata da watanni yana jira. Da na yi masa magana sai ya ce ai sana'a ce da duniya ta sani, kuma wata rana za su yi tsada. Mahaifiyarsa har ta fara zancen a nemo masa taimako wajen malamai. Don Allah a fahimtar da ni: mene ne asalin wannan abu? Da gaske akwai kuɗi a cikinsa? Kuma ina matsayinsa ga Musulmi?

Wani uba, daga Kaduna

AMSA

Allah ya raya mana zuri'a, ya shirye su.

Kafin komai, a gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Abin da ka kwatanta ba alamar taɓin hankali ba ne, ba kuma shafar iska ba. Sha'awa ce da ta yi ƙarfi a Amurka da Japan tun shekarun 1980 da 1990, kuma yawancin masu yin ta manya ne masu albashi, domin ƙaramin yaro ba shi da kuɗin da take ci. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai maganar da ɗanka ya faɗa maka rabinta ne gaskiya. Sana'a kam sana'a ce. Batun cewa za su yi tsada wata rana kuwa, a nan kallon kitse yake wa rogo.

Mu fara da inda abin ya samo asali. A 1959 kamfanin Mattel na Amurka ya fito da 'yar tsanar nan Barbie, 'yan mata suka yi ta rububinta. Abokin hamayyarsa Hasbro ya ga kasuwa ta buɗe, ya so ya yi wa yara maza irinta, amma ya san babu uban da zai saya wa ɗansa namiji 'yar tsana. To, a 1964 sai ya fito da wani sojan roba mai tsawon inci 12 mai suna G.I. Joe, wanda wuyansa da gwiwoyinsa da wuyan hannunsa duk suna lanƙwasa, yana riƙe bindiga, ana sauya masa kaki. Kamfanin ya hana ma'aikatansa kiransa 'yar tsana ko da wasa. Ka ga ke nan abin da ya dame ka ya riga ya dami iyayen Amurka shekara sittin da suka wuce, dabarar talla ce kawai ta rufe musu baki.

Su kuwa jaruman da ka gani a ɗakin sun girmi robar. A mujallun labari cikin zane aka haife su: Superman a 1938, Batman a 1939, Spider-Man a 1962, sai Black Panther, sarkin ƙagaggiyar ƙasar Afirka ta Wakanda, a 1966. Kamfanin da ya mayar da su roba har suka shiga kowane gida shi ne Mego na birnin New York, wanda a 1972 ya fara da Superman da Batman da Robin da Aquaman, masu tsawon inci 8, sanye da tufafin ƙyalle na gaske. Don rage kashe kuɗi, Mego gangar jiki iri ɗaya yake yi wa kusan dukkansu, kai da riga ne kawai suke bambanta. Wannan rowa ta kamfani ita ce ta haifi abin da ɗanka yake yi yau. Yaron da ke da guda biyu zai iya cire kan wannan ya ɗora wa wancan, in mahaifiyarsa tana da keken ɗinki ta yi masa 'yar riga, shi ke nan ya samu jarumi na uku da babu shi a kanti. Mego ya durƙushe a 1982, ya rufe a shekarar da ta biyo baya, ya bar jarumai da yawa bai taɓa yin su ba. Yaran da suka yi wasa da kayansa suka girma, suka kama aiki, sai suka koma suna cike giɓin da hannunsu. Mujallar ToyFare, wadda ta fito daga 1997 zuwa 2011, har shafi take warewa don hotunan irin waɗannan ayyuka na masu karatunta. Da intanet ta zo kuma sai mai yi a Ohayo ya san da mai yi a Manila.

Dalilin da ya sa har gobe ba za su daina ba mai sauƙi ne. Kamfanonin Marvel da DC, masu mujallun jaruman nan, suna da dubban jarumai da mugaye, kuma kowane fitacce ya sauya shiga sau da yawa a tsawon shekaru. Shi kuwa kamfanin roba, kafin ya fitar da ƙwaya ɗaya sai ya sassaƙa mazubin ƙarfe mai cin kuɗi masu yawa, don haka ba ya yin abin da bai tabbata dubban mutane za su saya ba. Wanda zuciyarsa ta kafe a kan wata riga da Batman ya sa a wata mujalla guda ta 1970 da wani abu, ko dai ya haƙura, ko ya yi da kansa, ko ya biya gwani ya yi masa.

Wani abin dariya a gefe, tunda ka kira su mutum-mutumi. An taɓa zuwa kotu a Amurka a kan ko mutane ne ko ba mutane ba. A wancan lokaci kwastam na karɓar harajin kashi 12 cikin ɗari a kan 'yan tsana masu siffar ɗan Adam, amma kashi 6.8 kawai a kan sauran kayan wasa. Sai kamfanin Toy Biz ya kai ƙara yana cewa jaruman X-Men da yake shigowa da su daga Sin ba mutane ba ne, wasu halittu ne daban. A watan Janairun 2003 mai shari'a Judith Barzilay ta ba shi gaskiya. Masoya mujallar X-Men suka yi ta ɓacin rai, domin gaba ɗaya labarin X-Men a kan neman a yarda su ma mutane ne aka gina shi.

Yanzu ga aikin kansa, kuma a nan nake so ka ɗan ba ni hankalinka, domin shi ne zai nuna maka ko ɗanka ɓarna yake yi ko koyo.

Mai wannan aiki yakan fara da sayen wanda zai zama gangar jiki. Mafi yawa suna amfani da jerin Marvel Legends masu inci 6, waɗanda Toy Biz ya fara a 2002, Hasbro ya karɓa daga 2007, ana sayar da ɗaya kimanin dala 25 a kantunan Amurka. Cire kan da ka ga yana yi ba fizga yake da ƙarfi ba. Ruwan zafi ake tsoma abin a ciki na ɗan lokaci, robar ta yi laushi, kai ko hannu ya zame daga mahaɗinsa ba tare da ya karye ba, in ta huce ta koma yadda take. Wasu da na'urar busar da gashi suke yi. Sai a wanke da sabulu, saboda akwai wani maiƙo da ke biyo roba daga masana'anta wanda ke hana fenti kamawa. Sai samfefa: a goge tambarin ƙirji, a goge bel, a goge duk abin da sabon jarumin ba ya da shi. Gwani har cikin gaɓoɓi yake gogewa ya rage musu kauri, don ya san in ya shafa fenti a kafaɗa ko gwiwa bai bar masa wuri ba, lanƙwasawar farko za ta kankare shi. Da wannan ɗaya ma ana gane ɗan koyo.

Idan sabon jarumin yana buƙatar abin da tsohon jikin ba shi da shi, kamar ƙaho, ko gemu, ko sulke, ko gashi mai tsawo, sai a gina masa. Akwai wani ƙulli da ake sayarwa gida biyu, irin su Milliput da Apoxie Sculpt. Kowane gida shi kaɗai ba ya daskarewa, amma da an cuɗa su wuri ɗaya agogo ya fara tafiya: mutum yana da awa ɗaya zuwa biyu ya fitar da siffar da yake so da tsinke da jiƙaƙƙen yatsa, kafin gari ya waye ya sandare. An fi son wannan a kan yumɓun roba irin Sculpey, domin shi sai an gasa, kuma zafin da zai gasa shi zai iya narkar da jikin da aka ɗora shi a kai.

Fenti shi ne inda ake raba gwani da mai ƙoƙari. Sai an fara fesa na share fage, sannan a bi da fentin ruwa na akirilik, a tsinka shi sosai, a shafa siriri, a jira ya bushe, a sake, har sau biyar ko fiye. Wanda ya yi gaggawa ya lafta mai kauri sau ɗaya zai binne duk ƙananan zanen jikin. Wanda kuma ya ɗauko fentin mai, irin na ƙofa da taga, ya shafa wa roba mai laushi, ya jawo wa kansa, domin sinadarin da ke cikin robar ba ya barin irin wannan fenti ya bushe. Wata shida zai yi yana danƙo yana kwasar ƙura. Ido kuwa, faɗinsa bai wuce milimita 2 ko 3 ba, kuma a cikinsa ake son fari da baƙi da ɗigon haske, idanu biyun kuma su kalli wuri ɗaya. Mutum yakan yi ido ɗaya ya goge sau da yawa a dare guda. In an gama sai a fesa wani siririn rufi marar ƙyalli don kare aikin.

Akwai manyan gwanaye da suke aiki a kan masu inci 12, irin na kamfanin Hot Toys na Honkon, wanda aka kafa a 2000, yake fitar da jarumai da fuskar ɗan wasan da ya fito a fim ɗin, ana sayar da ɗaya daga dala 200 zuwa sama. Duk da wannan tsada, wasu ba sa gamsuwa. Sai su aika kan kaɗai wurin gwani ya wanke fentin kamfani, ya sake na fata da jijiyoyi da tabo, ya cire gashin roba ya dasa na ulu tsinke-tsinke, wani tela kuma ya ɗinka kwat da aljihunta da maɓallanta. Irin wannan kai ɗaya yakan fi jarumin gaba ɗaya tsada. Ina zaton kuɗin da ɗanka ke aikawa waje irin wannan hanya suke bi.

A 'yan shekarun nan kuma kwamfuta ta shigo. Ana sassaƙa kai ko makami a manhajoji irin su Blender, wadda kyauta ce, ko ZBrush, sannan a tura wa wata na'urar ɗab'i da ke fitar da abu da jikinsa, tana daskarar da ruwan roba da haske hawa-hawa. Na'urar da a da sai masana'anta, yanzu da 'yan ɗaruruwan daloli ana samun ta. Tunda ɗanka ma'aikacin kwamfuta ne, zai yi wuya a ce bai leƙa nan ba. In yana da ita, ga inda ya kamata ka sa baki a matsayinka na uba: ruwan robar nan kafin ya daskare yana cin fata, warinsa kuma ba na shaƙa ba ne. Sai da safar hannu da takunkumi, taga a buɗe. Haka fentin feshi da ƙurar samfefa. Kada ya riƙa yin su a ɗakin da yake kwana. Kuma in akwai ƙananan yara a gidan, ya riƙa kulle ƙofa, don 'yan hannaye da 'yan makaman nan daidai maƙogwaron yaro suke.

To, batun kuɗi.

Ka san bambancin hular da aka ɗinka da hannu da wadda inji ya buga. Ta hannu ta fi tsada, kuma mai ɗinkin ya ci guminsa. Amma kai da ka saya ka sa, ranar da ka kai ta kasuwa ba za ka mayar da kuɗinka ba. Mai yi ne yake samu, ba mai saye ba. Haka wannan harka take.

Labaran da suke ruɗar matasa gaskiya ne, amma ba a kan irin kayan ɗanka suke ba. A 2003 an sayar da samfurin farko na G.I. Joe a kan dala 200,000. A watan Agustan 2024 kamfanin gwanjo na Goldin ya sayar da wani ɗan mitsitsin Boba Fett na fim ɗin Star Wars a kan sama da dala miliyan 1.3. Me ya ba shi wannan daraja? Kamfanin Kenner ya shirya fitar da shi a 1979 da wani ɗan roka a baya mai harbawa, sai aka fasa bayan wani yaro ya rasu sakamakon shaƙe irin wannan roka na kayan wasan wani kamfani. 'Yan samfuran gwaji kaɗan ne suka tsira daga masana'anta. Wato ƙarancin abu ne da tarihinsa suke kawo kuɗi, da kuma zamansa yadda ya fito daga kamfani ba a taɓa shi ba. A wannan kasuwa, buɗe kwali kawai yana zubar da daraja, har akwai kamfanonin da aikinsu shi ne duba lafiyar kwali da roba su ba da maki su rufe a akwatin gilashi. Wanda ya tsoma nasa a ruwan zafi ya cire masa kai ya riga ya fita daga wannan layi.

Ko ajiyewa a kwalin ma ba tabbas ba ne. Da aka dawo da kayan Star Wars kasuwa a 1995, mutane sun riga sun ji labarin tsadar na 1978, sai kowa ya saya ya ɓoye bai buɗe ba. Yau ga su nan jibge, da yawansu ba su wuce kuɗin da aka saye su ba, wasu ma ba su kai ba. Na farkon sun yi tsada ne don yara sun yi wasa da su sun lalata, 'yan kaɗan suka rage. Abin da kowa ya adana ba ya ƙaranci.

Shi kuwa wanda aka ƙera wa mutum musamman, darajarsa tana rataye ne a kan sunan gwanin da ya yi shi da kuma samun wani mai irin wannan sha'awa daidai. In gwanin sananne ne, ana iya mayar da kuɗi, wani lokaci har da riba. In ba haka ba, mai saye na biyu ba ruwansa da awa arba'in da aka ɓata a kai. Sannan ka ƙara da halin da muke ciki. Ɗanka da naira yake karɓar albashi, da dala yake saye, ya biya kuɗin jirgi, ya biya kwastam. Masu sayen kuma suna can inda kayan suka fito, sai ya sake biyan jirgi ya aika musu abin da ɗan jijjiga ke karyawa. Ta kowace fuska aka lissafa, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Ya kira abin nishaɗi, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru ko bin ƙwallo, ya yanka masa abin da zai iya asara a wata. Amma kada ya sa shi a lissafin jari, kada kuma ya taɓa kuɗin aure ko na fili saboda shi.

Aika kuɗi ga wanda ba a taɓa gani ba ma yana da nasa haɗari. Sananniyar matsala ce a wannan harka gwani ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa, wata uku ya zama shekara, wani ma ya rufe shafinsa ya ɓace. Masu wayo ba sa biya duka a farko. Rabi suke bayarwa, su nemi hoton aiki a kowane mataki, su tambayi waɗanda aka taɓa yi wa, kuma su biya ta hanyar da ake iya neman a dawo da kuɗi.

In kuma ya ce shi ne zai zama mai yi yana sayarwa, to akwai doka a gabansa. Jaruman nan suna da masu su. Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4, DC kuma yana hannun Warner Bros. A al'ada ba sa bin wanda ya gyara ƙwaya ɗaya don kansa, amma wanda ya zuba guda ɗari yana talla da sunan Batman, wasiƙar lauya ko rufe masa shafin ciniki ba ta da nisa. Japanawa ne suka samo wata mafita mai kyau. A bikin Wonder Festival, wanda ake yi sau biyu a shekara a Chiba kusa da Tokyo, masu haƙƙin mallaka suna ba ƙananan masu sassaƙa lasisin yini ɗaya tak: ka nuna samfurinka tun da wuri, a amince, ka sayar da adadin da aka yarda a ranar, gobe izini ya ƙare.

Ko yanayinmu ma ba ya taya shi. Zafin Maris zuwa Mayu a ɗakin da babu wuta yana sa robar ta yi laushi, ƙafafu su karkace, maiƙon cikinta ya fito ta yi danƙo. Rana ta taga tana cin launi, fari ya koma ruwan ɗorawa. Hunturu ya kawo ƙura, damina ta sa tufafin ƙyalle su yi fumfuna, fatar roba ta riƙa ɓarewa, gara kuma ba ta san kwali mai daraja ba. Kabad mai rufi a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga, shi ne iyakar abin da zai iya.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda ita ce mafi nauyi, kuma ba zan shafa mata mai ba. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu ƙera siffar abu mai rai, sun kuma nuna mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ake ajiye irin waɗannan siffofi. A gefe guda, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Abu Dawuda ya ruwaito har da wani ɗan doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, wanda bayaninta a kansa ya sa Annabi dariya. Daga nan ne mafi yawan malamai suka keɓe kayan wasan yara daga hanin. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka haramta shi ne siffar mai rai wadda take da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika, ban da 'yan tsanar yara mata. Ka auna kayan ɗanka da wannan ma'auni da kanka: siffar mutum ce, tana da jiki, ta cika, mai ita ba yaro ba ne, kuma ba wasa ake da ita a ƙasa ba, jera ta ake a gilashi don ado. A ganina rangwamen da aka yi wa yara bai kai nan cikin sauƙi ba, kuma ƙerawa da hannu ta fi ajiyewa nauyi. Fatawa aikin malamai ce, amma kada wani ya ce maka damuwarka ƙauyanci ce. Tana da tushe.

Abin da ba na so shi ne a zubar da gwanintar tare da robar. Yaron da ya iya sassaƙa a kwamfuta, ya iya haɗa launi, ya iya zama awa uku a kan abu ɗaya bai gaji ba, yana riƙe da abin da masu zanen gine-gine da masu shirya fim da masu ƙera kayan masana'antu suke biya a yi musu. Kuma ba dole sai Batman ba. Haneefah Adam, 'yar Ilori, hijabi da dogayen riguna ta riƙa ɗinka wa Barbie tana sa hotunan a Instagram da sunan Hijarbie, a 2016 duniya ta san ta. Taofick Okoya ya fara 'yan tsanar Queens of Africa a Legas a 2007 don yaranmu su ga masu kama da su, ciki har da Azeezah mai wakiltar Hausawa. Roye Okupe ya gina jarumarsa Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma tasa ce, ba mai aiko masa da wasiƙar lauya. Wanda kuma yake son ya kauce wa saɓanin malamai gaba ɗaya, fagen abin da ba shi da rai a buɗe yake: motoci, jirage, gine-gine. Ƙaramin samfurin hasumiyar Gobarau ta Katsina, ko ƙofar fadar Zazzau da zanenta, wanda aka yi da irin ƙwarewar da ake kashewa a kan sulken jarumi Iron Man, zai samu mai saye a nan gida, da naira, ba tare da kuɗin jirgi ba.

Shawarata, Alhaji, kada ka aika a kwashe kayan yana wurin aiki, don ba abin da hakan zai haifar sai ya koma ɓoye maka. Ka shiga ɗakin da kanka wata ranar Asabar, ka ce ya ware maka waɗanda ya yi da hannunsa daga waɗanda ya saya. In na hannunsa sun fi yawa kuma suna da kyau, kana da mai sana'a a gida, sai a juya akalarsa. In na saye ne suka fi yawa, ka ce ya rubuta maka abin da ya kashe a shekarar nan da naira, ya karanta da bakinsa. Bayan haka ku ɗauki guda ɗaya ku tafi tare wurin malamin da ku biyun kuka yarda da iliminsa, ya gani da idonsa kafin ya ba ku amsa. Allah ya sa mu dace.